Magarya da 'Yan'uwanta a Ƙasar Gaya: Kamanninsu da Wuraren da Suke Fitowa

 

Idan bazara ta kama, gabas ta soma haɗa hadari, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Wudil ta nufi Gaya zai ga hayaƙi yana tashi nan da can cikin gonaki. Manoma ne ke sassabe. A cikin abin da ake sarewa a tara a cinna wa wuta akwai sabara, akwai kalgo, akwai kuma wani toho mai ƙaya wanda yake fitowa daga tsohon kututture kowace shekara, a sare shi bana, baɗi ya komo. Mafi yawan wannan toho na magarya ne. Mai gona yana ganinsa abin damuwa, don yana tsaga masa ƙafa, yana kama masa riga. Alhali kuwa itacen da yake ƙonawa shi ne wanda ake aikawa a nemo ganyensa ran da aka yi rasuwa a gida, shi ne kuma wanda 'ya'yansa ke ciyar da yara cikin hunturu.

Abin da ya kawo wannan bayani shi ne, a wajen sassabe hannu ba ya zaɓe sai ido ya sani. Itatuwan ƙaya da suke kama da juna suna da yawa, amfaninsu kuwa ba ɗaya ba ne. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana. Wanda bai san bambancinsu ba yakan sare mai amfani ya bar marar amfani, ko ya haɗa su duka ya ƙone.

Fasali na farko: siffar magarya

Magarya itace ce matsakaiciya. A daji, inda awaki da gatari ba su bar ta ta sake ba, takan tsaya kamar kurmi mai rassa da yawa daga ƙasa. Inda aka kula da ita kuwa takan miƙe ta kai ƙafa 15 zuwa 25, rassanta su sunkuyo ƙasa kamar laima. Masana itatuwa suna kiranta Ziziphus mauritiana, sunan da wani masani na Faransa, Lamarck, ya sa mata a 1789. Fulani suna ce da ita jaaɓi.

Alamunta huɗu ne, wanda ya riƙe su ba ya ɓata. Ta farko, ganye. Ganyen magarya ƙarami ne, ƙirar ƙwai, tsawonsa inci 1 zuwa 2, yana da manyan jijiyoyi uku da suka tashi daga gindinsa suka nufi kansa. Samansa kore ne shar mai sheƙi, amma idan aka juya shi sai a ga bayansa fari-fari, da wani gashi mai laushi kamar auduga. Wannan farin bayan ganye shi ne babbar shaida. Idan iska ta kaɗa magarya daga nesa sai a ga tana walƙiya fari da kore.

Ta biyu, ƙaya. Ƙayarta biyu-biyu take fitowa a gindin ganye, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya. Miƙaƙƙiyar ta soke mutum, idan ya ja da baya sai ƙugiyar ta riƙe shi. Ta uku, reshe. Ƙananan rassanta ba sa tafiya sak, a kowace gaɓa sai sun karkata dama ko hagu, sababbin kuwa suna da furfurar gashi irin ta bayan ganyen. Ta huɗu, 'ya'ya. Tana huda wajen ƙarshen damina, furen ƙanana ne ƙwarai, launinsu tsakanin kore da rawaya, ƙuda da zuma suna yanyame su. 'Ya'yan suna nuna cikin sanyi, daga wajen Nuwamba har Fabrairu. Suna farawa kore, su koma rawaya, sa'an nan su yi ja mai duhu su yamutse. Girmansu bai cika wuce kan ɗan yatsa ba, naman kaɗan ne mai zaƙi da ɗan tsami, ƙwallon ciki kuwa mai tauri ne, da ƙwaya ɗaya ko biyu a cikinsa.

Fasali na biyu: masu kama da ita

Ta fari ita ce kurna, wadda masana ke kira Ziziphus spina-christi. Uwarsu ɗaya da magarya, amma kurna ta fi girma nesa ba kusa ba, takan zama babbar itace mai inuwa, ta kai ƙafa 30 ko fiye. Ganyenta ma jijiya uku gare shi, sai dai gaba da baya duk kore ne mai haske, ba shi da farin gashin nan. Rassanta farare ne sumul. Tsohuwar kurna ta cikin gari sau da yawa ƙayarta kaɗan ce a manyan rassa. 'Ya'yanta sun ɗan fi na magarya girma, sun fi gari-gari a baki. Kurna itacen zaman gari ce, an fi samunta a bakin rijiya da ƙofar gida da maƙabarta da kufai. Matafiyin da ya ga kurna tsaye ita kaɗai a fili yakan ce nan an taɓa zama.

Ta biyu ita ce magaryar kura, Ziziphus mucronata. Ita ce ta fi ruɗar mai sassabe, don tana da ƙaya biyu-biyu da reshe mai karkace-karkace kamar magarya. Amma ganyenta ya fi faɗi, kansa da tsini, gindinsa a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya girma, gaba da baya duk sumul. Rassanta ja-ja ne masu duhu. 'Ya'yanta suna da kyan gani, jajaye masu sheƙi, amma ɗaci gare su, yara ba sa damuwa da su. Ta fi son bakin rafi da gefen fadama da gindin suri.

Ta uku ita ce sarƙaƙiya. Wannan ba dangin magarya ba ce, dangin bagaruwa da farar ƙaya ce. Ganyenta tsilla-tsilla ne kamar na tsamiya amma ya fi ƙanƙanta, ƙayarta gajeru ce masu ƙugiya, a warwatse ko'ina a jikin reshe ba bisa tsari ba. Ba ta tsayawa da ƙafarta, sai ta hau wasu itatuwa ta nannaɗe su har wurin ya gagari shiga. Daga nan ne Hausawa suke ce wa al'amarin da ya rikice ya zama sarƙaƙiya. 'Ya'yanta kwasfa ce, ba abin ci ba.

Akwai kuma aduwa da tsada, waɗanda tohonsu kan ruɗi yaro. Aduwa ganyenta biyu-biyu ne a kan sanda ɗaya, ƙayarta doguwa ce, kore, miƙaƙƙiya, ba ƙugiya. Ita ce ake sassaƙa allo da itacenta. Tsada kuwa ganyenta jijiya ɗaya gare shi a tsakiya, 'ya'yanta rawaya ne masu ruwa da tsami mai kama haƙori.

Saboda haka ƙa'idar gajeriya ce. A ƙirga jijiyar ganye: idan uku ce daga gindi, to, ɗaya ce daga cikin ukun farko. A juya ganyen: idan bayansa fari ne, magarya ce. Idan kore ne, a dubi reshe: fari, kurna ce, ja mai duhu da faffaɗan ganye mai tsini, magaryar kura ce.

Waɗannan sunaye ba yau aka fara rubuta su ba. Wani likita Bature, Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, kana a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani aka samo abin da ke ciki. Watau ilmin na mutanen karkara ne tun asali, abin kunya ne ya tabbata a takarda ya ɓace a bakin jikokin masu shi.

Fasali na uku: inda take fitowa

Gaya tana gabas da birnin Kano, tafiyar wajen mil 40. Tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991 ta zama ƙasar kan iyaka. Tsohon gari ne ƙwarai, har labarin gargajiya yana cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala, daga Gaya suka fito neman tama. Ƙasar da aka daɗe ana noma haka ba a samun daji mai duhu a cikinta. Itatuwan da suka saura su ne waɗanda mutane suka ga dama suka bari, da waɗanda suka gagari kashewa. Magarya tana cikin kashi na biyu.

Ruwan da ke sauka a wannan yanki a shekara yakan kai inci 30 ko kusa da haka, cikin wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara rani ne. Wannan ya yi wa magarya daidai. Saiwarta tana nutsawa ƙasa da nisa ta samo laima, shi ya sa ake ganinta da ganye a lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus. Ba ta zaɓen ƙasa sosai, tana fitowa a jigawa, tana fitowa a tsakuwa, tana jure gefen fadama inda ruwa ke kwanciya ɗan lokaci. Abin da ba ta so shi ne inuwa mai yawa. Daga Kademi zuwa Shagogo a ƙasar Gaya, daga Toranke zuwa Balare a ƙasar Ajingi, wuraren nemanta iri ɗaya ne: iyakar gona, saura, bakin kududdufi, bayan gari, da gefen burtali.

Akwai dalilin da ya sa take bin burtali. Ƙwallon magarya yana da tauri, idan ya faɗi haka nan yakan daɗe bai tsira ba. Amma idan akuya ko tunkiya ko saniya ta haɗiye shi, ya bi cikinta ya fita, ya sami taki a inda ya sauka, sai ya tsira da damina. Dabbobi ne ke shuka ta a duk inda suka bi, ita kuma tana biyansu da ganye cikin rani. Inda gonaki suka cinye burtali, an toshe wa dabba hanya, an kuma toshe wa magarya.

Bayan ƙasar Gaya, magarya ta game ƙasar Hausa da Barno, sunayen garuruwa ma shaida ne. Akwai Magarya a Jihar Damagaram ta Nijar, kusa da iyakar Nijeriya, akwai unguwar Kurna a birnin Kano. Ta bi yankin nan mai ƙarancin ruwa tun daga Senegal har Sudan da Habasha, ta ƙetare zuwa ƙasar Larabawa da Pakistan da Indiya. Idan aka yi kudu inda ruwa ya yawaita, daji ya yi duhu, sai ta yi ta raguwa. Kurna ta fi ƙarfi daga nan zuwa gabas da arewa, har Masar da Hijaz da Yaman, inda zumar da ake samu daga furenta take cikin mafi tsada a kasuwa. Magaryar kura kuwa ta bi Afirka har can ƙarshenta na kudu.

Fasali na huɗu: ƙayar ƙasar Turai

Kowace ƙasa da irin ƙayarta. A Ingila da Faransa da Jamus da maƙwabtansu, abin da ya tsaya a matsayin magarya shi ne wani tsiro da masana ke kira Rubus, mutanen Ingila suna ce wa 'ya'yansa bilakberi. Zamansa irin na sarƙaƙiya ne, cinsa irin na magarya. Yana fitar da dogayen rassa masu ƙaya su lanƙwasa, duk inda kan reshe ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ya zama sabon gindi. Ganyensa yatsu uku ne ko biyar, furensa fari ko ja-ja, 'ya'yansa kuwa curi ne na ƙananan ƙwayoyi masu ruwa, su fara kore, su yi ja, su nuna baƙi wajen Agusta da Satumba. A shinge da bakin hanya da gefen daji yake fitowa, yara su tsinka ba mai hana su.

Wani abin mamaki game da shi, yawancinsa yana yin iri ba tare da haɗuwar jinin uwa da uba ba, sai kowane gindi ya haifi mai kama da shi sak. Don haka ya rarrabu iri-iri, a ƙasar Birtaniya kaɗai an ƙirga fiye da 300, wasu ba a samunsu sai a gunduma ɗaya. Masu rarrabe su suna duban siffar ƙaya da gashin reshe da bayan ganye, daidai da yadda aka faɗa a kan magarya da 'yan'uwanta. Ba ya rayuwa a zafin ƙasar Kano, danginsa na Afirka an fi samunsu a kan tsaunuka masu sanyi, irin na Kamaru da Habasha. Shi da magarya sun haɗu a Ostareliya, inda aka kai su duka biyu, suka bazu suka cinye makiyaya, har hukuma take kashe kuɗi wajen yaƙi da su. Itacen da wata ƙasa take neman tsira da shi, wata ƙasa neman tsira daga gare shi take yi.

Fasali na biyar: abin da za a rasa

Larabawa suna kiran magarya da kurna da suna ɗaya, sidir. An ambaci wannan itace a Alƙur'ani mai girma cikin Suratu Saba'i da Suratun Najmi da Suratul Waƙi'a, daga nan Hausawa suka sami kalmar magaryar tuƙewa, suna nufin iyakar da ba a wuce ta. Hadisi ya zo da wanke mamaci da ruwa da ganyenta, littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure, irin su Risala, sun kawo haka. Idan aka daka ganyen aka zuba a ruwa yakan yi kumfa kamar sabulu, ya fitar da dauɗa. Wanda aka aika neman ganyen nan ya kamata ya san abin da zai tsinko.

'Ya'yanta abinci ne. Ana cin su ɗanye, ana shanya su a adana, ana daka busassun a tankaɗe garin a dama ko a cura. A arewacin Kamaru ana turara wannan gari a yi wata waina da Fulanin can ke kira yaabande. Likitoci sun tabbatar ɗanyun 'ya'yan suna da sinadarin bitamin C mai yawa, suna kuwa nuna a lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya. A shekarun yunwa, irin Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da na 1984, 'ya'yan itatuwan daji da ganyayensu suna cikin abin da talakawan ƙasar Hausa suka riƙe rai da shi. Rassanta su ne shingen lambu da na rumbu, su ake ɗorawa a kan sabon kabari don tsare shi daga dabbobi. Itacenta yana yin ƙota, yana kuma ci da wuta sosai, wannan kuwa shi ne ya jawo mata gatari.

Ba wanda zai ce magarya ta kusa ƙarewa a ƙasar Gaya. Abin da yake ƙaranci shi ne babbar magarya mai 'ya'ya. Jama'a ta yawaita, saura ta ragu, itacen girki ya yi tsada, toho ba ya samun shekara biyu a jere ba a sare shi ba. Kututturen yana nan da rai a ƙasa, amma itacen da ba a bari ya girma ba ba ya ba da 'ya'yan kirki, ba ya ba da inuwa, ba ya tare iska.

Fasali na shida: dabara

Maganin wannan ba daga nesa yake ba. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka soma abin da ake kira sassabin zamani. Maimakon a sare toho duka, sai a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, a sare sauran, a rage wa waɗanda aka bari ƙananan rassa na ƙasa, a riƙa kewayo ana gyarawa. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe, ba ya bukatar ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun komo a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Amma shuka sabo yana cin kuɗi da ruwa, kututturen da ke gona kuwa kyauta ne.

Har ila yau akwai aure. A Indiya an daɗe ana zaɓen magarya har aka sami iri masu manyan 'ya'ya kamar ƙaramin ƙwai, irin su Gola da Umran da Seb. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa su a Nijar, ana kiransu tuffar Sahel. Ana yanko ido ko ɗan reshe na irin Indiya a aura shi a kan magaryar gida, kamar yadda ake yi wa mangwaro, sai a haɗa ƙarfin saiwar gida da girman 'ya'yan baƙuwa. Sai dai fa tana son kulawa: a riƙa cire tohon da ke fitowa ƙasa da wurin auren, a tsare ta daga awaki, a kuma kwashe 'ya'yan da suka zube, don akwai wani ƙuda da ke sa musu tsutsa. Mai son gwadawa ya nemi malamin gona ko malamin daji na ƙaramar hukumarsa ya nuna masa.

To, jama'a, kafin a ɗaga adda a sassaben bana, a tsaya a juya ganye. Idan bayansa fari ne, kuma kututturen yana kan iyaka ko inda ba zai tare garma ba, a bar masa reshe biyu ko uku. Iyaye su riƙe hannun 'ya'yansu su nuna musu wannan magarya ce, wannan kurna ce, wannan ta kura ce, kamar yadda aka nuna musu. Masu unguwanni da dagatai su ja kunnen masu saran itace a kan manyan kurna da magarya na maƙabarta da bakin rijiya. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya sa a gama da duniya lafiya, amin.